Ƙwaya Ɗaya Ko Magani Biyu Daban: Zaɓin Mai Alaji da Toshewar Hanci a Hunturun Kano

Da zarar hunturu ya kankama a Kano, daga ƙarshen Nuwamba zuwa cikin Fabrairu, iskar arewa maso gabas takan kwaso ƙura tun daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi ta lulluɓe gari da hazo, sai masu sayen magani su ƙaru a kowane kyamis, daga Fagge har Hotoro. Yawancinsu magana ɗaya ce a bakinsu: "Malam, a ba ni maganin mura." Mai kyamis ya miƙo kati ɗaya na ƙwayar da aka haɗa sinadarai biyu ko uku a cikinta, a biya, a tafi. Ga lafiyayyen mutumin da murar kwana huɗu ta kama, wannan ciniki bai cika jawo matsala ba. Amma akwai waɗanda tasu murar ba ta ƙarewa, waɗanda kullum da asuba sai sun jera atishawa goma, hanci na yoyon ruwa garai, ido na ƙaiƙayi, ba zazzaɓi, ba ciwon jiki, a haka har mako shida ko fiye. Wannan ita ce murar alaji, kuma mai ita ne ya fi buƙatar sanin abin da ke cikin ƙwayar, domin shi zai daɗe yana sha.

Sunayen magunguna zan rubuta su yadda suke a jikin kwali, don mai karatu ya gane su idan ya gani.

Abu na farko da ya kamata a fahimta shi ne atishawa da toshewar hanci ba hanya ɗaya suke biyowa ba. Idan jikin mai alaji ya haɗu da abin da ba sa jituwa da shi, kamar ƙurar darduma da katifa, kashin kyankyaso, gashin kyanwa, ƙurar furen ciyayi ko ƙaiƙayin hatsi irin wanda 'yan dako ke shaƙa a kasuwar Dawanau, wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da ke cikin fatar hanci sukan saki wani sinadari mai suna histamin. Shi ne ke kawo ƙaiƙayi, atishawa, yoyon hanci da hawaye cikin mintuna kaɗan. Magungunan da ake kira antihistamin suna tare gurbin da histamin ke sauka ne, shi ya sa suke kwantar da waɗannan alamomi. Toshewar hanci kuwa, saɓanin yadda mutane da yawa ke zato, ba majina ce ta cika hancin ba. Jijiyoyin jinin da ke cikin naman hanci ne suke buɗewa su cika da jini, naman ya kumbura ya rufe hanyar iska, kuma ba histamin kaɗai ke haddasa wannan ba, akwai wasu sinadarai da ke biyo baya bayan wasu awanni. Wannan ne dalilin da ya sa mutum zai sha antihistamin irin su cetirizine atishawa ta tsaya cak, amma ya kwana yana numfashi ta baki. Maganin buɗe hanci aikinsa ɗaya ne, ya matse waɗannan jijiyoyi naman ya saɓe. Ba ya taɓa ƙaiƙayi, ba ya hana atishawa, ba ya kuma rage alajin kanta.

Tun da kowanne yana yin abin da ɗayan ba ya yi, haɗa su yana da hujja, kuma bincike ya nuna cewa haɗin ya fi kowannensu shi kaɗai sauƙaƙa alamomin gaba ɗaya. Inda gizo ke saƙar shi ne wa'adinsu ba ɗaya ba ne. Sabon antihistamin ana iya shansa kullum har tsawon watanni ba tare da wata illa mai yawa ba. Maganin buɗe hanci na kwanaki ne kawai. Idan aka dunƙule su a ƙwaya ɗaya, mai alajin da ke buƙatar na farkon har ƙarshen hunturu ya zama dole ya riƙa haɗiye na biyun tare da shi, ko da hancinsa ya buɗe tun a kwana na uku.

Antihistamin: tsoho da sabo

Tsofaffin antihistamin sun fara shiga kasuwa tun cikin shekarun 1940, kuma su ne aka fi sani a nan. Chlorpheniramine, wanda kowa ke kira Piriton, ana shan miligiram 4 duk bayan awa 4 zuwa 6, kada babba ya wuce miligiram 24 a yini. Akwai kuma promethazine, diphenhydramine da triprolidine. Suna da araha, suna aiki, amma suna ratsawa cikin ƙwaƙwalwa, su kawo gyangyaɗi da kasala, su busar da baki, wanda dama hunturu ya riga ya busar. Ga tsofaffi illar ta fi tsanani: jiri, ruɗewa, faɗuwa, da riƙewar fitsari ga dattijon da ke da kumburin furostet, wato ƙululun da ke ƙarƙashin mafitsara. Mai hawan jinin ido ma an hana shi su sai da izinin likita.

Maganar gyangyaɗi ta cancanci a tsaya a kanta, domin a garin da dubban mutane ke cin abinci da tuƙin adaidaita sahu ba ƙaramar magana ba ce. A shekarar 2000 an wallafa wani bincike da aka yi a Jami'ar Iowa ta Amurka, inda aka sa mutane tuƙi a na'urar kwaikwayon mota. Waɗanda aka bai wa miligiram 50 na diphenhydramine sun fi waɗanda aka bai wa giya lalacewar tuƙi, yayin da waɗanda suka sha fexofenadine ba su bambanta da waɗanda ba su sha maganin komai ba. Abin da ya fi tayar da hankali a sakamakon shi ne jin barci ko rashin jinsa bai nuna wanda tuƙinsa ya lalace ba. Saboda haka direban da ya ce shi Piriton ba ya sa shi barci bai kawo hujja ba. Haka nan tela mai keken lantarki, mai injin markaɗe, da ɗalibin da ke da jarrabawa washegari.

Sababbin antihistamin, wato loratadine da cetirizine, kowanne miligiram 10 sau ɗaya a yini, da fexofenadine miligiram 120, ba sa ratsa ƙwaƙwalwa sosai. Cetirizine ya fi saurin kama jiki, cikin kamar awa ɗaya, amma a cikin ukun shi ne ya fi yiwuwar kawo ɗan gyangyaɗi, kuma mai ciwon ƙoda sai an rage masa adadi. Fexofenadine ya fi kowanne barin mutum a farke, sai dai ba a shansa da ruwan lemo ko na tuffa, domin suna rage yawan da hanji ke tsotsa. A ganina babu wani dalili mai ƙarfi da zai sa mai alaji na dogon lokaci ya zauna a kan Piriton da rana, tun da cetirizine da loratadine na kamfanoni daban-daban sun wadata, kuma ƙwaya ɗaya ce a yini maimakon uku ko huɗu.

Maganin buɗe hanci na sha

Biyu ne ake samu a cikin ƙwayoyi, kuma bambancinsu babba ne. Pseudoephedrine yana aiki ba tantama. Miligiram 60 yakan buɗe hanci cikin kamar rabin awa, ana maimaitawa bayan awa 4 zuwa 6, iyakarsa miligiram 240 a yini. Phenylephrine kuwa, idan aka haɗiye shi, hanji da hanta suna lalata mafi yawansa kafin ya isa hanci. A watan Satumba na 2023 kwamitin masana da ke bai wa hukumar abinci da magunguna ta Amurka shawara ya amince, dukkan mambobinsa 16, cewa phenylephrine na sha a adadin da ake sayarwa ba ya buɗe hanci, kuma a Nuwamba 2024 hukumar ta gabatar da ƙudirin cire shi daga jerin magungunan da ake saye ba takardar likita. Wannan hukunci bai shafi na ɗigawa ko na feshi ba. Ma'anarsa ga mai saye a Kano ita ce, idan ya biya kuɗin ƙwaya haɗaɗɗiya mai phenylephrine don hancinsa ya buɗe, kwalliya ba lallai ta biya kuɗin sabulu ba.

Shi kuma wanda ke aikin, aikin nasa ba ya tsayawa a hanci. Pseudoephedrine yana matse jijiyoyin jini a duk jiki, yana iya ɗaga hawan jini, ya sa zuciya bugawa da sauri, ya kawo rawar hannu da rashin barci. Wanda ya haɗa shi da goro ko kofi ko shayi mai kauri ya ƙara wa wutar itace. Hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta yanke a farkon 2024 cewa kada mai hawan jini mai tsanani ko wanda ba a shawo kansa ba, da mai ciwon ƙoda mai tsanani, su sha shi, saboda wata illa da ba ta cika faruwa ba amma mai haɗari, wadda ke taɓa jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa. Faransa ta ƙara gaba, tun Disamba 2024 ba a sayar da shi sai da takardar likita. A Amurka kuma tun 2006 yana bayan kanta sai an nuna katin shaida, ko da yake dalilin can daban ne, ana sarrafa shi ne a yi muguwar ƙwaya. Akwai ɗan'uwansu na uku, phenylpropanolamine, wanda aka janye a Amurka a shekarar 2000 saboda alaƙarsa da zubar jini a ƙwaƙwalwa. Duk kwalin da aka ga wannan suna a jikinsa a mayar wa mai shi.

Abin da ya sa nake ɗaukar wannan gargaɗi da muhimmanci a nan shi ne yawan masu hawan jinin da ba su san suna da shi ba. Mutum ya haura arba'in, bai taɓa miƙa hannu an auna shi ba, ya shiga kyamis ya karɓi maganin buɗe hanci ya yi sati uku yana sha. Yawancin manyan wuraren sayar da magani suna da na'urar awo, kuma awon bai kai minti biyar ba. Bayan masu hawan jini, jerin waɗanda ya kamata su nisanci pseudoephedrine sai likita ya yarda ya haɗa da mai ciwon zuciya, wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, mai ciwon sukari, mai ciwon maƙoƙon da ke sa zuciya gudu, mai hawan jinin ido, mai wahalar fitsari, da mai shan wasu magungunan taɓin hankali ko na damuwa. Mai juna biyu, musamman a watanni ukun farko, ta bar shi. Mai shayarwa ma haka, domin wani ƙaramin bincike na 2003 a kan mata 8 ya nuna cewa ƙwaya ɗaya ta miligiram 60 ta rage ruwan nono da kusan kashi 24 cikin 100 a yinin.

Ƙwaya haɗaɗɗiya, iri biyu ce

Ta farko ita ce wadda ta haɗa tsohon antihistamin da maganin buɗe hanci. Actifed misali ne, mai triprolidine miligiram 2.5 da pseudoephedrine miligiram 60. Magungunan mura irin su Procold da Mixagrip suna ƙara paracetamol a kan chlorpheniramine da maganin buɗe hanci. Waɗannan an tsara su ne don murar kwanaki kaɗan mai zazzaɓi da ciwon kai. Mai alaji ba shi da zazzaɓi, don haka paracetamol ɗin da yake haɗiya kullum ba shi da aikin yi a jikinsa, kuma idan ya ƙara da Panadol don ciwon kai, ko ya ƙara da Piriton don ƙaiƙayi, ya ninka sinadari ɗaya bai sani ba. Iyakar paracetamol ga babba giram 4 ne a yini, wuce haka hanta ce ke biya. Akwai kuma wani zato da ake yi cewa tun da ɗaya yana sa barci ɗaya yana hana barci, to sun kashe juna. Ba abin dogaro ba ne; mutum yana iya zama idonsa biyu, zuciyarsa na dukan uku-uku, amma hankalinsa a kan titi ya ragu.

Ta biyu ita ce wadda ta haɗa sabon antihistamin da pseudoephedrine mai narkewa a hankali, kamar loratadine miligiram 5 ko cetirizine miligiram 5 tare da pseudoephedrine miligiram 120, ana sha duk awa 12, ko loratadine miligiram 10 da pseudoephedrine miligiram 240 sau ɗaya a yini. A wasu ƙasashe akan ƙara harafin D a ƙarshen sunan maganin don nuna haka. Wannan ta fi ta farko dacewa da alaji, kuma ga matashi lafiyayye wanda alaji ta taso masa da ƙarfi na kwana huɗu ko biyar, misali bayan ya yini yana sauke diloli a Kantin Kwari, zaɓi ne mai kyau. Sharaɗinta biyu: kada a wuce mako ɗaya, kuma kada a raba ta ko a tauna ta ko a daka ta. Al'adar raba ƙwayar babba biyu a bai wa yaro rabi tana da haɗari a nan fiye da ko'ina, domin adadin da aka tsara ya fita cikin awa 12 zai zuba a jini lokaci guda.

Idan aka ajiye waɗannan biyu a gefe ɗaya, aka ajiye sayen magungunan daban-daban a ɗaya gefen, ni na fi karkata ga na daban-daban. Mutum ya riƙe loratadine ko cetirizine kullum, ranar da hanci ya toshe ya ƙara pseudoephedrine da safe, ya bar na yamma don ya samu barci, ranar da hancin ya buɗe ya ajiye shi. Idan wata illa ta bayyana, ya san wanda zai daina. Abin da ƙwaya haɗaɗɗiya ta fi shi da shi sauƙi ne kawai. A watan azumi, musamman idan ya zo cikin hunturu, bambancin ya fi fitowa fili: antihistamin na sau ɗaya a yini yana shiga tsakanin buɗa baki da sahur ba wahala, amma pseudoephedrine bayan buɗa baki yana iya cinye ɗan barcin da ya rage.

Na ɗigawa da na feshi

Xylometazoline, wanda aka fi sani da Otrivin, da oxymetazoline suna buɗe hanci cikin mintuna, su riƙe shi awa 8 zuwa 12, kuma kaɗan ne daga cikinsu ke shiga jini. Haɗa ɗayansu da ƙwayar antihistamin ya fi pseudoephedrine ƙarfi a kan toshewa. Tarkonsu shi ne idan aka zarce, hancin yakan saba, da zarar maganin ya sake shi sai ya toshe fiye da da, mutum ya ƙara ɗigawa, tazarar ta riƙa raguwa har kwalbar ta koma zama a aljihu tare da makulli. An gudu ba a tsira ba ke nan. Kwalayen Amurka suna cewa kwana 3, wasu ƙasashe suna ba da har 7. Wanda ya tsaya a kwana 3 zuwa 5 ya yi wa kansa adalci. Wanda ya riga ya faɗa tarkon zai sha wahalar mako ɗaya ko biyu kafin hancin ya dawo daidai, kuma likitoci sukan taimaka masa da feshin sitiroyid, maganin da ke kwantar da kumburi, a wannan tsakani.

Wannan feshin sitiroyid ɗin, irin su fluticasone, mometasone da beclometasone, shi ne zaɓin da ba a cika miƙo wa mai saye a kyamis ba, alhali kuwa ƙa'idojin likitocin alaji na duniya shi suka sa a gaba ga wanda alajinsa ke daɗewa kuma take hana shi barci ko aiki. Yana kwantar da kumburin ne daga tushe, don haka shi kaɗai yana maganin atishawa, yoyo da toshewa, ana kuma iya amfani da shi har hunturu ya wuce. Aibinsa shi ne ba ya nuna aikinsa nan take. Sai an yi kwanaki ana fesawa kullum, cikakken amfaninsa yana iya kai mako biyu, kuma da yawa sukan jefar da shi a kwana na biyu su ce ba ya aiki. Kuɗinsa ya fi na katin ƙwaya nesa ba kusa ba, amma kwalba mai feshi 120, idan ana fesa biyu a kowace ƙofar hanci sau ɗaya a yini, wata guda take yi. A hunturu yana iya jawo haɓo, musamman idan ana auna bakin kwalbar ga bangon da ya raba hanci biyu. Daidai shi ne a karkata shi waje, ta ɓangaren kunne. Kada kuma sunan ya ruɗi kowa. Wannan feshi ba ɗaya ba ne da ƙwayoyin dexamethasone da prednisolone da wasu ke sha barkatai, har ana haɗa su a abin da ake kira sha ka fashe. Waɗancan suna bin jiki duka, suna ɗaga sukari da hawan jini, suna raunana ƙashi, kuma ba maganin da mutum zai ɗora wa kansa ba ne don atishawa.

Ga wanda hancinsa ya toshe ƙwarai har feshin ba ya samun hanyar shiga, likita yakan ce a fara da xylometazoline na kwana uku tare da sitiroyid ɗin, sannan a ajiye na farkon a ci gaba da na biyun. Wannan ma haɗi ne, kuma a wurina ya fi kowane haɗi ma'ana ga mai fama duk shekara.

Akwai wata gaskiya da ta shafi Kano musamman. Ƙurar hunturu mafi yawanta garin ƙasa ne, kuma tana iya fusata hanci ko da mutum ba shi da alaji, kamar yadda turaren wuta, hayaƙin janareta, hayaƙin maganin sauro da sanyin asuba ke yi. Irin wannan yakan zo da toshewa da yoyo ba tare da ƙaiƙayin ido ba, kuma ƙwayar loratadine ko cetirizine ba ta cika yi masa komai ba, domin histamin ba shi ne jagoran abin ba. Wanda ya sha sabon antihistamin mako biyu bai ga canji ba, ƙara adadi ba zai taimaka ba. Takunkumi a kan babur da wanke hanci da ruwan gishiri sun fi yi masa amfani. Ana tafasa rabin lita na ruwa, a bar shi ya huce, a zuba ƙaramin cokali ɗaya na gishiri a shafe, a shaƙa a face kamar yadda ake yi a alwala, safe da yamma. Ruwan rijiya ko na 'yan garuwa da ba a tafasa ba bai dace da wannan ba.

Yara hukuncinsu daban ne. Hukumar magunguna ta Birtaniya tun 2009 ta hana bai wa yaran da ba su kai shekara 6 ba magungunan mura na kanti masu ɗauke da waɗannan sinadarai, kuma promethazine haramun ne ga wanda bai kai shekara 2 ba saboda yana iya danne numfashi. Ba wa jariri Piriton don ya yi barci uwa ta huta ba magani ba ne. Akwai ruwan cetirizine da na loratadine na yara, amma adadin ya danganta da shekaru da nauyi, don haka likita ko masanin harhaɗa magunguna ne zai faɗa. Duk abin da za a saya, a nemi ganin kwalin ba katin kaɗai ba, a karanta jerin sinadaran, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Wasu alamomin kuma ba na kyamis ba ne sam. Kumburin leɓe ko harshe ko maƙogwaro tare da sarƙewar numfashi bayan cin wani abu, shan magani ko harbin zuma yana buƙatar allurar adirenalin a asibiti nan take, Piriton ba zai tare shi ba. Numfashi mai fito da tarin dare alamar asma ce, wadda takan tafi tare da alajin hanci amma maganinta daban. Ciwon kai mai tsanani da ya sauko farat ɗaya, ko ruɗewa, ko dishin gani, ko farfaɗiya ga mai shan pseudoephedrine na nufin a daina shi a garzaya asibiti. Toshewar da ta tsaya a ƙofar hanci ɗaya tana fitar da jini, ko wadda ta wuce wata uku, ko wadda ta tafi da jin ƙamshi, ta sashen kunne, hanci da maƙogwaro ce, kuma akwai shi a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Murtala. Idan kuwa ƙaramin yaro ne ke fitar da majina mai wari ta ƙofar hanci ɗaya tak, sau da yawa ƙwayar wake ce, ko dutsen ado, ko guntun katifa ya tura ciki, kuma a asibiti ake cire shi, ba da tsinke a gida ba.